Kalmasar Rigar Farfesa

Tela ya durƙusa a tsakiyar ofishin da ke saman benen asibiti, allurai a bakinsa, yana kama bakin rigar Farfesa. Da gangan ya bar kalmasar bai ɗinka ba. Mutumin da ya tsufa a kan keken ɗinki ba mantuwa ce za ta sa ya bar kalmasa ba. Ya dai san in ya kawo rigar a gama, direba ne zai karɓa a bakin ƙofa, shi ke nan. Sakatariyar ma sai da ta yi masa tsiya, wai tsufa ya fara cin idonsa, kuma jirgi ba zai jira allurarsa ba.

Da yamma Farfesa za ta tashi zuwa ƙasar waje, ta karɓo babbar lambar yabon da duniya ke ba masu binciken magani. Ita da mutanenta ne suka gano ƙwayar da ke kwantar da ciwon sikila, kuma Autarsa na cikin yaran da aka yi gwajin da su. A lokacin yarinyar ta yi kumatu, ta koma makaranta, har bakin mayar da magana ta samu. Da gwaji ya ƙare aka daina ba da ƙwayar. Yanzu tana can ƙasa a ɗakin yara, an ɗaura mata ruwa, tana cizon matashi, uwarta na danna mata ƙafa. Ba ta kiran uwa, ba ta kiran uba, sai 'yar farar ƙwayarta.

Ya zare alluran daga bakinsa.

"Ranki ya daɗe, kwalba ɗaya. Ko uwarta ba za ta ji inda na samo ba."

Farfesa ta ajiye wayar da ke hannunta. Ta ce masa abin da ya rage na maganin an rufe an mayar wa kamfani, kuma sai hukuma ta amince kafin ya shigo asibiti. Hakan na iya ɗaukar shekaru. Ya ce shi bai yi boko ba, amma ya san Auta ba ta da shekarun da za ta ba hukuma. Ya ce duniya ta taru za ta tafa mata saboda magani, ga kuma wadda aka gwada shi a jikinta tana birgima a ƙarƙashin ofishinta. Ya ji maganar ta yi kauri a bakinsa, bai kuma janye ta ba.

Ta daɗe tana kallon furfurarsa. Sannan ta jawo kujera ta zauna, da rigar da alluran da komai.

"Baba Tela, ka tuna ranar farko mun gaya muku za a raba yaran gida biyu?"

Ya tuna an yi dogon bayani. Shi a ranar kalmar magani kawai ya ji.

Ta ce rabi aka ba na gaske, rabi kuma ƙwaya mai kama da shi wadda babu komai a cikinta, don a gane bambanci. Ita kanta ba ta san wa ke shan wanne ba sai da aka kammala.

"Auta ba ta taɓa shan maganin ba, Baba."

Ya tambaye ta to me ya sa ta kumatu. Ta ce ganin likita kowane mako, da awon jini, da tare zazzaɓi tun bai kama jiki ba. Duk wannan ma ya tafi tare da gwajin. Yanzu layi suke bi kamar kowa, wani lokaci har a tashi ba a zo kansu ba.

Direba ya leƙo yana nuna agogo. Tela bai tashi ba.

"To ki ba ni na ƙaryan."

Ta ce shi ma an kwashe. Ta ɗaga waya ta umarci wani ƙaramin likita ya sauka ɗakin yara yanzun nan, kada ya aiki kowa. Daga nan ta buɗe durowa, ta lalubo kwalbar gwajin guda, wayam, ta ɗora a kan tebur. Ba ta miƙa masa ba, ta juya tana kallon taga. Ya ɗauka ya sa a aljihu, ya gama ɗinkinsa, ya fita.

Bai nufi ɗakin yara ba. Ya tsallaka titi zuwa kemis ɗin da ke kallon ƙofar asibitin, ya ce a fito masa da ƙwayoyin ƙarin kuzari. Mai kemis ya baje masa kala-kala a kan kanta, ya tambaye shi wane ciwo ake fama da shi.

"Kai dai ba ni fara, 'yar ƙarama, wadda ba ta cutar da yaro."