Ƙofar da Babu Sawu

"Ɗaga ta sama kaɗan, Jumai. Ba na ganin komai sai fari."

"Ai farin ne, Inna. Ba laifin wayar ba ne, garin ne haka."

Jumai ta gyara zama a bakin gado, ta tokare gwiwar hannunta da filo don kada wayar ta yi rawa. Fanka na ta juyawa a sama, amma zufa na bin bayanta. A cikin wayar kuwa, unguwa guda ta ɓace. Babu kwalta, babu shinge, sai waɗansu tuddai farare a jere, waɗanda aka ce motocin mutane ne a ƙarƙashinsu. Ita da sana'arta tuwo, abin da ya zo mata a rai shi ne kamar an juye wa garin duk buhunan garin masara na duniya.

"Ikon Allah," in ji Inna Hureira, muryarta can ƙasa. "Wannan duk daga sama ya zubo?"

"Daga sama, Inna," muryar Zahraddeen ta fito daga wayar, hayaƙi na fita daga bakinsa. "Tun shekaranjiya iska take kaɗa shi. Sai yau da asuba ta kwanta."

Jumai ta yi shekara da shekaru a hawa na tara na wannan benen a unguwar Taman Melati, can ƙasar 'yan Malay, tana dafa tuwo da miyar kuka, ɗalibai 'yan gida suna zuwa su yi tapau, wato a ƙulle musu su tafi da shi. Duk benen an san ta da surutu. Har 'yan Malay da ba sa jin Hausa sun san muryarta tun daga lif. Ƙofarta na kallon ƙofar Zahraddeen, malamin jami'a, wanda mahaifiyarsa Inna Hureira ta zo daga Kazaure wankan jegon matarsa Rahama, ciwon zuciya ya riƙe Inna a nan. Ana cikin jinya wurin aiki suka tura shi Sapporo, can arewacin Japan, wani bincike na 'yan watanni. Da jikin ya yi tsanani Inna ta dage a fitar da ita daga asibiti a mayar da ita gidan ɗanta, likita kuma ya ja Rahama gefe ya ce duk wanda ya kamata a kira, a kira shi. Ranar Zahraddeen ya sayi tikiti. Ranar kuma guguwar dusar ƙanƙara ta rufe filin jirgi.

Yanzu yana juya wayar a hankali yana nuna musu. Rana ta fito, hasken har yana kashe ido. Can bakin layi wata mota mai jan fitila tana cin ƙanƙarar tana feso ta sama. Kowane gida an haƙa masa siririyar hanya daga ƙofa zuwa titi, bangon hanyar ya fi mutum tsawo, ba ka ganin masu haƙar sai bakin shebur yana ɗagowa yana komawa. Abin da ya fi ɗaure wa Jumai kai shi ne shirun. Gari guda ana aiki, amma ko tari ba ka ji.

"An buɗe babban titi," ya ce. "Bas ɗin farko zuwa filin jirgi zai wuce yanzun nan. Jirgi ɗaya ne kawai yau, kuma na samu wuri. In sha Allahu kafin ki yi barci ina gabanki, Inna."

Inna ta kawar da kai gefe. Ɗan farinta ne, ita kuma irin matan da ce masu kunyar ɗan fari. Tun da Jumai ta san ta ba ta taɓa jin sunansa a bakinta ba. "Wannan" take cewa, ko "mai gidan nan." In ya shigo gaishe ta, bango take kallo tana amsawa. Jumai ta sha tsokanarta a kan haka, tana cewa ko a tsakiyar teku aka kai Inna sai ta tafi da Kazaure a ƙugunta.

Ya rataya jaka, ya juya zai tafi, hoton ya share gefen layin.

"Tsaya," in ji Inna. "Koma baya. Wancan gidan mai koren rufi."

Ya koma. Ƙaramin gida ne, daura da nasa. Rufin kawai ake gani da rabin taga. Daga bakin titi har inda ƙofa ya kamata ta kasance, ƙanƙarar a shafe take sumul, ko sawun tsuntsu babu.

"Wa ke ciki?"

"Wata tsohuwa ce, Inna. Ita kaɗai. 'Ya'yanta suna Tokyo."

"Ka gaishe ta yau?"

"Inna, ƙofar ma ba a ganinta."

"To."

Jumai ta san wannan "to" ɗin. Da shi Inna ta sa aka cire mata allurar ruwa a asibiti.

"Haba Inna, ki bar shi ya taho mana," ta ce da sauri. "Ƙasar nan tasu ba irin tamu ba ce, akwai masu zuwa su duba. Ko ba haka ba, Malam?"

"Zan kira su a hanya," ya ce. "Sai dai layin wayarsu a cike yake tun safe. Layinmu kuma duk tsofaffi ne, kowa da ƙyar ya haƙa tasa. Amma zan gaya wa wani, wallahi zan gaya."

Inna ta ja numfashi, ƙirjinta yana wata ƙara da Jumai ba ta so. Ta daɗe kafin maganar ta fito.

"Kai ka gani. Ni ma na gani. So kake in tafi da ƙofar nan a idona?"

"Inna, in bas ɗin nan ya wuce..."

"Na sani."

Jirgin ƙasa na LRT ya wuce ta bayan benen, gilashin taga ya ɗan girgiza. A cikin wayar Zahraddeen ya tsaya, girarsa ta yi fari da sanyi, yana kallon mahaifiyarsa, ita kuma a karon farko ba ta kawar da kai ba. Sai hoton ya karkata, sama ta bayyana, sannan ya daidaita. Ya kafa wayar ne a jikin bangon ƙanƙara, tana fuskantar gidan. Suka ga ya ajiye jakarsa, ya ɗauko shebur mai faɗin baki.

Rahama ta shigo da kofin kunu, ɗanta Fa'iz a goye. Ta leƙa wayar, kofin ya kusa suɓuce mata.

"Baban Fa'iz! Me kake yi? Motar fa?"

Bai ji ba, ko kuma ya ji. Ya soka shebur, ya yanko, ya jefa gefe. Ya sake sokawa.

"Anti Jumai, ki yi masa magana don Allah."

Jumai ta ci gaba da riƙe wayar a gaban Inna. Haushin Inna take ji, tana kuma jin wani abu mai kama da tsoro. Ta ga masu ciwo da yawa a rayuwarta, kowa a irin wannan lokacin nasa yake jawowa kusa. Ba ta taɓa ganin wadda ta tura nata ƙofar wani ba.

Ba a jima ba rufin wata doguwar mota ya bayyana a bakin layin, yana tafiya a hankali a saman bangon ƙanƙarar, don jikin motar ba ya ganuwa. Zahraddeen ya miƙe tsaye. Ya bi rufin da kallo har ya shige. Ya goge fuska da bayan safar hannunsa, ya sunkuya ya ci gaba. Rahama ta toshe bakinta da gefen mayafi ta fita falo, suna jin kukanta.

Daga nan sai ƙarar shebur kawai. Ya nutse zuwa ƙugu, ya nutse zuwa kafaɗa, har ya zama hular kansa kaɗai ake gani. Wani dattijo ɗan ƙasar ya fito daga wani gidan, ya tsaya ya duba, ya koma, ya dawo da nasa shebur yana kwashe abin da Zahraddeen ya jefo. Hannun Jumai ya gaji, ta sauya ɗayan. Ta tsoma auduga a ruwa ta shafa wa Inna a leɓe. Ta taɓa ƙafafunta ta ji sun yi sanyi, a garin da ko da asuba mutum zufa yake yi, sai ta ja zane ta rufe su.

"Ya kai?" Inna ta tambaya.

"Saura kaɗan. Ga saman ƙofar nan ya fito."

Ƙofar ta fito a hankali, baƙa, da wani ɗan ƙarfe a jiki. Zahraddeen ya buga da tafin hannu, ya kira da yarensu. Babu amsa. Ya sake bugawa, ya kara kunnensa. Jumai ta tsinci kanta tana karanto duk addu'ar da ta zo bakinta saboda matar da ba ta san ko sunanta ba. A bugu na uku ya ɗago da sauri, ya juyo wajen wayar ya ɗaga hannu sama.

"Ta amsa, Inna! Wallahi ta amsa!"

"Alhamdu lillahi."

Idon Inna na kan ɗan ƙaramin mutumin da ke cikin farin ramin, ya durƙusa yana tone gindin ƙofar da hannuwansa. Leɓenta ya motsa. Jumai ta sunkuya ta kai kunne, tana zaton ruwa take so.

"Zahraddeen," in ji Inna, a hankali, kamar mai ɗanɗana abu. "Allah ya yi maka albarka."

Yana da nisa da wayar, bai ji ba. Jumai ta so ta ƙwala masa kira, sai ta ga yadda numfashin ya sauya, ta san babu lokacin wannan. Ta kira Rahama. Sannan ta matso da bakinta kusa da kunnen Inna ta fara kalmar shahada, Inna ta bi ta har ƙarshe, sannan ta saki wani dogon numfashi, ba ta ja wani ba. Daga masallacin unguwa aka fara kiran azahar.

Rahama ta durƙusa ta kifa kai a kan katifa. Jumai ta sa hannun hagu ta shafe idanun, don na daman har yanzu yana riƙe da wayar, kuma ta kasa ajiye ta.

Can ƙofar ta buɗe. Wata 'yar tsohuwa ta fito, ƙanƙanuwa, a naɗe cikin barguna, tana ƙifta ido saboda haske. Zahraddeen ya riƙe mata hannu. Ta fara yi masa godiya, ya girgiza kai, ya nuna mata wayar da ke kafe a bango, yana yi mata bayani yana dariya, hayaƙi na fita daga bakinsa. Tsohuwar ta saki hannunsa. Ta tako cikin siririyar hanyar da ƙafarta, ta tsaya daidai gaban wayar, ta haɗa hannuwa a gwiwa, ta sunkuyar da kai ƙasa sosai. Ta ɗago, ta sake sunkuyawa, ta daɗe a haka.

Jumai ta juya fuskar wayar kaɗan zuwa wajen filo, ta riƙe ta da hannu biyu don kada ta yi rawa.