Birkin Hannun Dama

A shekarar 1972 da ƙasa ta koma tuƙi a hannun dama, babu wanda abin ya hau wa kai a Kaduna kamar Malam Sanda, mataimakin jami'in sufuri a wata ma'aikata. Shi ne sakataren ƙaramin kwamitin da ya bi tituna yana tuge alluna daga hagu yana kafawa a dama. Tun daga nan ya ɗauka duk abin da ke hagu a duniya jiransa yake yi. Har teburin ofishinsa sai da ya sa aka juya.

Kefas kuwa shi ne babban makanike a garejin ma'aikatar. Shekara goma sha bakwai yana aiki, ba a taɓa cewa birkin da ya ɗaura ya tsinke ba. Ba shi da takardar makaranta, ba shi da mota. Wannan sunan kaɗai ya mallaka, kuma yana tattalinsa fiye da kwat ɗinsa ta zuwa coci.

Malam Sanda yana da gona a bayan Rigachikun, wadda mota ba ta isa da damina. Ya ga hoton wata motar daji a mujallar Turawa, ya ce shi ma sai ya ƙera. Ƙirar tasa dai da baki ce. Kefas ne ke zuwa gidansa a Doka duk Asabar, yana haɗa bututun ƙarfe da walda, ga injin tsohuwar mota ƙirar Bitil a baya, ga kujeru biyu, ba ƙofa ba rufi. Maƙwabta suka sa mata suna Ƙwarangwal.

Lafiya lau ake tafiya har aka zo kan birkin gaba. An ciro shi ne daga wata mataccciyar motar Ingila, irin mai faifai. Kowace taya tana da kalifa, wato ƙarfen da ke matse faifan idan an taka, kuma kowane kalifa yana da 'yar ƙusar fitar da iska. Kefas ya ɗauki na hagu zai ɗaura a hagu.

"Dakata," in ji Malam Sanda daga kan kujerarsa. "Wannan motar da aka ciro su, a wane hannu take tafiya a ƙasarsu?"

"Hagu, yallaɓai."

"Mu kuma yanzu fa?"

"Dama."

"To! Na hagu ya koma dama, na dama ya koma hagu. Gwamnati ta gama magana tun watan Afrilu."

Kefas ya yi ƙasa da murya. "Yallaɓai, idan aka sauya su, ƙusar nan ƙasa za ta kalla. Ita kuwa iska sama take hawa. Za ta maƙale a ciki, birki ba zai kama ba."

"Kai Kefas, ni na rubuta rahoton kwamiti, shafi arba'in. Ko wuri guda ba a ambaci iska ba."

Haka aka ɗaura su a juye. Kefas ya zuba man birki gwangwani biyu, Malam Sanda yana takawa yana saki har gumi ya jiƙa masa wuyan riga, amma birki lagwab kamar an taka dafaffiyar kabewa.

"Bai saba ba ne," in ji Malam Sanda. "Mu ma ai makon farko haka muka yi ta kame-kame a shataletale."

Da a tsakar gida abin zai tsaya, da da sauƙi. Sai ga shi jami'in sufuri ya yi ritaya, kujera ta zama babu kowa, Malam Sanda kuma ya gayyaci Babban Sakatare ya zo ranar Asabar a zaga da shi gona a cikin Ƙwarangwal. Hanyar gonar tana da gangara, ƙarshenta rafi ne cike da ruwan Agusta. Kuma kaf ma'aikatar, daga masinja har mai buga tafireta, kowa ya san hannun wa ya taɓa birkin. Kefas ya ji tsoro ƙwarai, abinci ma ya daina shiga masa.

Ranar Alhamis ya ce zai kai motar gidansa a Kurmin Mashi ya shafa mata fenti. Janta aka yi da igiya. Yana rufe ƙyaure ya kwance kalifa biyun, ya mayar da kowane mazauninsa, ya ɗora matarsa Rahila a kujerar direba.

"Taka. Riƙe. Saki."

Iska ta fita fit-fit, birki ya yi tauri.

"Baban Ladi, me zai hana ka faɗa masa gaskiya kawai?" in ji Rahila tana saukowa.

"Na faɗa, ya ce ba ta cikin rahoto. In na sake faɗa, ya zama rashin ladabi, a rubuta a fayil ɗina."

Ya bi ƙarafan da baƙin fenti mai kauri. Bai damu ba, don ya san Malam Sanda ba zai durƙusa da farar babbar riga ya leƙa bayan taya ba.

Ranar Asabar aka hallara a Rigachikun. Babban Sakatare ya tattare riga ya hau, Malam Sanda ya kama sitiyari, Ƙwarangwal ta zabura tana watsa taɓo. Kefas yana tsaye a gindin gangara, bakinsa sai motsi yake da addu'a. Suka gangaro a guje, hular Babban Sakatare ta yi nata wuri, Malam Sanda ya runtse ido ya taka. Motar ta tsaya cak, saura taku uku ta sha ruwa.

Da numfashin Babban Sakatare ya dawo, ya ce, "Sanda, ban taɓa ganin birki irin wannan ba. Mene ne sirrin?"

Ai kuwa ya taɓo inda ke masa ƙaiƙayi. Malam Sanda ya miƙe a kan kujera ya yi bayanin hagu da dama, da yadda ƙasa ta sauya hannu aka bar birkinta a zamanin Turawa. Sannan ya waiwayo.

"Ko ba haka ba ne, Kefas?"

Ido ya dawo kan Kefas. Daɗin ganin kowa a raye ya cika masa ciki, ga kuma manya biyu suna jira.

"Haka ne, yallaɓai," ya ce.

Bayan mako biyu Malam Sanda ya hau kujerar jami'in sufuri. Takardarsa ta farko ta iso gareji da hatimi da sa hannun Babban Sakatare. Duk motar ma'aikata mai birkin faifai da aka shigo da ita kafin Afrilu, su goma sha ɗaya, a sauya musu kalifa kafin ƙarshen wata, kuma sabon jami'i zai shiga ramin gareji da tocila ya duba kowace da idonsa. An aika kwafi ga sauran ma'aikatu don su yi koyi.

Malam Sanda kuwa ba mai cin haƙƙin na ƙasa ba ne. A saman takardar, da manyan baƙaƙe, ya sa an buga: TSARIN KEFAS.

Kefas ya karanta sau biyu, ya nemi tsohuwar taya ya zauna. Bai gama naɗe takardar ba direban Babban Sakatare ya shigo da baƙar mota, ya kashe, ya miƙo masa makulli.

"Maigida ya ce a fara da tasa."