Ɗanyar Ƙasa

Da kan ɗan jirgin ƙasana na wasa ya sake tsayawa cak a lanƙwasar Rudy, sai na ce a raina wannan ba tsautsayi ba ne, da hannun mutum a ciki.

Ni Arvo Niskanen ba jiya na fara harkar nan ba. Tun ina aiki a ramin haƙar tama muke gina ɗan ƙaramin kwaikwayon garinmu a ɗakin ƙasa na gidana, ni da Rudy Zupancic, a kan teburin da bai wuce faɗin ƙyaure biyu ba. Garinmu Eveleth ne yadda muka san shi muna yara. Layin dogo ya zagaya ramin tama, ya bi bayan gidajen ma'aikata, ya dawo tasha. Ni ke da dogo da wayoyi da injuna, Rudy ke da tuddai da bishiyoyi. Soso yake yankawa ya shafe da filasta, ya yi fenti, sannan ya barbaɗa ƙasa. Ƙasa ta gaske, don har yau ba a yi fentin da zai ba da irin jan ƙasarmu ba.

Kuma shi Rudy ɗin ne da bakinsa ya koya mini dokar ƙasa. A tankaɗe ta, a gasa ta a tanderu don ƙwari da iri su mutu, sannan a bi ta da maganaɗisu. Ƙasar yankinmu cike take da ƙarfe, injin ɗan jirgi kuwa da nasa maganaɗisun a ciki, yana wucewa zai zuƙi ɓarɓashi ya cushe. Duk wanda ya zuba ɗanyar ƙasa kusa da dogo, ko jahili ne ko mugu. Rudy kuwa ba jahili ba ne.

Na buɗe cikin injin, sai ga baƙin ɓarɓashin ƙarfe ya yi masa tsiri-tsiri kamar gemun da ba a aske ba. Na share, na mayar da shi kan dogo. Ya zagaya lafiya har ya iso bayan gidajen ma'aikata, inda Rudy ya yi sabon aiki, ya fara tari.

Ba wannan kaɗai ba ne. Tun da matarsa Bernadine ta rasu da kaka, mutumin ya canza mini. Da ranar Asabar muke haɗuwa, yanzu sai ya bari na fita ya shigo da mukullin da na ba shi tun yaranmu suna makaranta. Baje kolin 'yan jiragen wasa na bazara a zauren coci ya matso, inda kullum muke karawa da ƙungiyar Gordy Sundquist, mutumin da ya daɗe yana zawarcin Rudy saboda bishiyoyinsa. Sai ga shi da idona na gan su a shagon kofi, kai da kai, ina shiga suka yi tsit kamar ruwa ya cinye su.

Na kai maganar kicin wajen matata Marlys.

Ta ce, "Rudy? Mutumin da ya ɗauki akwatin gawar babanka? Arvo, ka sha maganinka na safe kuwa?"

"Na sha. Zai koma wajen Gordy ne, kuma yana so kafin ya tafi jirgina ya mutu a gaban mutane."

"Kai dai ba ka iya zama lafiya ba. Da maƙwabci ne ke satar maka jarida, yanzu kuma Rudy."

"Maƙwabcin ai ya sata."

"Iska ce ta kwashe ta."

Na bar ta da iskarta. Amma na riga na yanke: in na tabbatar, zan karɓi mukullina, a yi ta ta ƙare. Ba zan ɓoye ba, tunanin haka kawai sai da ya sa abinci ya fita raina, don ban da Rudy ba ni da wanda zan zauna da shi yini guda ba mu yi magana ba kuma mu tashi muna jin daɗi.

Ranar Asabar ya zo da burodin potica a takarda, na kanti, ba irin wanda Bernadine ke naɗawa ba. Ya sauko matakala yana huci, yana tsokanata da asalin kakannina kamar kullum.

"Ɗan Finlan, har yanzu ba ka gyara fitilar nan ba? So kake in karye ka gaji bishiyoyina?"

"Wa zai gaji tsintsiya da gam? Zo nan, tsoho, ka ga wani abu."

Na kai shi lanƙwasar. A bayan wani ɗan gida mai koren rufi ya yi ɗan lambu, da shinge na tsinken ashana, da 'yan sanduna a jere. Aikin ya yi kyau, wannan kam ba zan ci haƙƙinsa ba. Sai dai ƙasar wurin baƙa ce, ba ja ba, kuma ta gangaro har bakin dogo.

Na ce, "Ina ka samo wannan?"

"Nan kusa."

"Nan kusa ina? Watan Fabrairu muke, ƙasa ta daskare a waje, ko da diga ba ka fasa ta."

"Tun kaka na ɗebo. Tana gwangwanin kofi a gareji."

Tun kaka. Wato ba jiya aka ƙulla abin ba.

"Ka gasa ta?"

Ya dube ni ta saman tabarau. "Ni kake tambaya ko na gasa ƙasa? Lokacin da na fara gasa ƙasa kai yashin da kyanwa ke kashi a ciki kake zubawa a gefen dogo."

Na lura bai ce e ba, bai ce a'a ba. Na miƙa hannu na ɗauko kwalbar gam da aka sirka da ruwa, don ƙasar a sake take, ko atishawa aka yi sai ta tashi. Caraf ya riƙe mini hannu.

"Bar ta. Ruwa na fesa mata, ya isa."

"Ruwa? Tun yaushe ruwa ya zama gam?"

"Na ce ka bar ta, Arvo. Dogo naka ne, ƙasa tawa ce. Haka muka yi tun farko."

Bai sake ni ba sai da na ajiye kwalbar. Na ce a raina, mara gaskiya ke nan. Sauran yinin duk inda na juya yana tsakanina da lanƙwasar, yana gyara bishiyar da ba abin da ya same ta. Da zai tafi na ce masa, kamar da wasa, "Ka gaishe mini da Gordy." Ya waigo daga kan matakala ya dube ni, ya haye.

Ranar Laraba da safe na sauka da kofina na kunna fitila, sai na ga abin da ya ƙarasa ni. A tsakiyar ɗan lambun wani abu ya fito, kore shar, siriri, da ganye biyu, tsawonsa ya kusa kai rufin gidan. Na ɗauka sabuwar bishiyar Rudy ce, na taɓa da hantsaki. Ta lanƙwasa ta miƙe. Tsiro ne, mai rai. Ƙasar da ta shiga tanderu ba ta tsiro, wannan ko Gordy ya sani.

Na ƙwala wa Marlys kira ta zo ta zama shaida. Ta sauko da jakarta a kafaɗa, za ta kasuwa. Ta sunkuya ta duba, ta kwashe da dariya.

"Tumatir ne! Kai, alhamdu lillahi, yau dai teburin nan zai ba mu abin miya."

"Dariya ma kike yi? Ga shaida a gabanki."

"Shaidar me? Don Allah kar ka yi abin da za ka zo kana cizon yatsa. Ka jira in dawo."

Ban jira ba. Motarta na fita na ɗaga waya.

"Rudy, ka zo yanzu. Ka taho mini da mukullina."

Ya ce, "To."

Na ɗauko wuƙar filasta na kankare lambun tas, shinge da sanduna na ture gefe, ƙasar na zuba a farantin da Marlys ke gasa burodi a kai. Ba ta da yawa, ba ta fi cikin kofi biyu ba. Tsiron na cire na yar a gefen farantin. Na hau kicin da farantin na kunna tanderu. So nake ya zo ya tarar ina yin aikin da ya ƙi yi, ya ji kunya.

Ya shigo ta ƙofar baya yana kaɗe dusar ƙanƙara daga takalmi, mukullin a hannunsa. Na fara tun bai cire hula ba. Na faɗi maganar injin, na faɗi ta shagon kofi, na ce in wajen Gordy zai koma ya koma da rana tsaka kamar namiji, ba sai ya kashe mini jirgi ba. Ina magana ne amma ba ni yake kallo ba. Idonsa na kan farantin da ke saman murhu, da jar fitilar tanderun da ke nuna ya ɗau zafi.

Ya tako ya tsaya ya jingina bayansa da murfin tanderun.

"Matsa, za ka ƙone."

"Ka sa ta a ciki?"

"Yanzu zan sa."

"Ba ka sa ba tukuna?"

"Kurma ka zama? Na ce yanzu zan sa."

Ya sauke numfashi. Ya ce, "Arvo, tun da aka ƙona gawar Bernadine, ka taɓa tambayata inda na kai tokarta?"

Ban taɓa ba. Na ɗauka tulun tokar yana wajen 'yarsu a garin Duluth.

"A lambun tumatirinta na barbaɗa ta, bayan gida. Haka ta ce in yi, kuma kar in tara mata mutane. Ni kaɗai na yi, na bi da manjagara."

Na dubi farantin. Sai a lokacin na ga 'yan fararen ɗigo-ɗigo a cikin baƙar ƙasar, waɗanda na ɗauka yashi ne.

Ya ci gaba. "Gidan na sayar. Ɗan Gordy ne ya saya, abin da ka gan mu muna yi ke nan. Da bazara zai zuba siminti a kan lambun, wai garejin kwalekwale zai yi. Ni kuma yara sun kama mini ɗaki a benen gidan kula da tsofaffi, ko tukunyar fure ba inda zan ajiye. Ina zan kai ta? Teburin nan ne sauran filin da ya rage mini a duniya."

Ɗan gidan nan mai koren rufi na kan tebur. Gidansu ne, na sha cin abinci a cikinsa ban san iyaka ba, amma ina ta kallon dogo ban gane shi ba.

Na ce, "Me ya hana ka gaya mini?"

"Da me za ka ce?"

Mu duka mun san amsar.

"Cewa za ka yi a gasa, doka ce. Ni na koya maka." Ya nuna tanderun da ke bayansa. "Sau ɗaya aka sa ta a wuta, Arvo, ina tsaye a bakin ƙofa. Ba za a ƙara ba."

Kunya ta rufe ni har na rasa inda zan sa idona. Na miƙa hannu ta gefensa na kashe tanderun. Shi kuma ya ajiye mukullin a kan tebur, a hankali, kusa da kwanon sukari.

"Ga kayanka. Ba ni gwangwani in kwashe ta."

"Ba inda za ka kai ta."

"Jirginka fa?"

"Zan ɗaga dogon in matsar da shi baya. Lanƙwasar da ma ta yi tsauri."

"Kai? Kai da ko ƙura ba ka yarda a share maka a kan dogo?"

"Ka cika surutu, tsoho. Ɗauko farantin."

Shi ya riƙe farantin da hannu biyu muka sauka, ni kuma na tsinci tsiron na dasa a kofin kofina da 'yar ƙasa kaɗan. Ya yi yaushi, amma bai karye ba. A ƙasa na buɗe aljihun tebur na fito da maganaɗisun, wanda muke naɗewa a leda. Sai na ga ya ja farantin ya manna a ƙirji.

Na ce, "Wannan ba wuta ba ce. Ƙarfe kawai yake ɗauka, ba ya jan toka. Ita zai bar ta inda take."

Ya dubi maganaɗisun. Sannan ya goge ido da bayan hannu, ya yi 'yar dariya.

"Bernadine? Ni ma ban taɓa iya janta inda ba ta so ba."

Ya karɓa ya fara bi da shi a kan ƙasar, sannu sannu, bai bari ya taɓa ta ba. Baƙin ɓarɓashi ya dinga tashi yana manne wa ledar, fararen ɗigon nan suna zaune abinsu. Na bar shi yana yi, na hau kicin na ɗauki mukullin daga gefen kwanon sukari, na sa a aljihun kwat ɗinsa da ke rataye a bayan ƙofa. Sannan na sauko da filaya na fara cire ƙusoshin dogo.