Gidan da Abubakar Ke Tsaro

Kwana goma sha biyu da binne Malam Idrisu ɗansa Abubakar ya sauka a Makka. A Makka kuwa gawa ba ta jiran jirgi. An sallace shi a Harami bayan la'asar, kafin magariba an rufe shi, kabarin ba suna ba alama. Mai tasi ya kai shi maƙabartar, Abubakar ya tsaya yana kallon duwatsu jere iri ɗaya. Ya jira kuka ya zo, bai zo ba. Sai ya ce a kai shi unguwar Mansur.

Abubakar ɗan Jamus ne, haihuwa da fasfo. Uwarsa Bajamushiya ce. Yana da shekara tara aure ya mutu, uban ya tattara ya koma wajen danginsa a Makka, ya bar masa Hausar yara da sallah. Yaro ya tashi dogo mai manyan hannuwa, ya zama gola, wato mai tsaron gida a ƙwallon ƙafa, ya yi shekara goma sha bakwai a wata ƙaramar ƙungiya bai taɓa sauya riga ba. A 2015 wani ɗan wasa ya taka masa hannun hagu. Tun daga ranar yatsu biyu suka mutu, ko wuta ya taɓa ba ya ji. Nan ƙwallo ta ƙare.

Maganarsu ta ƙarshe da uban a waya ce, shekara goma sha ɗaya baya. Malam Idrisu ya ce ƙato da gemu yana tsalle a kan fata, wannan ba sana'a ba ce. Ɗa ya kashe waya, uba bai sake kira ba. Taurin kai dai gado ne, ba a sayensa a kasuwa. Abu ɗaya ya kawo Abubakar Makka: yana so ya sani ko tsohon ya sake ambaton sunansa kafin ya mutu.

Gwaggo Yalwa, ƙanwar uban, tuwo take sayarwa a wani lungu bayan shagunan Mansur, a ɗakinta kuma marigayin yake cin abinci. Ta rungume Abubakar ta yi ta kuka. Shi ko ya tsaya kamar turmi, yana kallon fankar da ke juyawa. Ta zaunar da shi, ta ajiye masa tuwo da miyar kuka.

"Ci, ya waladi, ci ɗana. Aikin haris ba ya barin mutum ya yi ƙiba."

"Haris?"

"Gadi mana. Babanka ya ce kai mai tsaron gida ne a Jamus. Ba abin kunya ba ne, wallahi. Haris ɗin benenmu ma mutumin kirki ne."

Abubakar ya gane. Maigadi take nufi. Ashe abin da uban ya faɗa wa mutane ke nan, don kada a ce ɗansa ɗan ƙwallo ne. Ya saurari zuciyarsa ko zai ji ciwo, bai ji komai ba. Ya yanko loma.

Gwaggo kuwa in ta buɗe baki sai Allah.

"Amma wace irin unguwa ce wannan taku? Kullum ɓarayi! Kuma ba sa zuwa sai Asabar. Duk Asabar bayan la'asar babanka ya shige ɗaki da wayarsa, ya rufe ƙofa, wai yana jin labarinka. In ya fito na ce yaya, ya ce, 'Yau an shiga masa sau ɗaya.' Wata ran sau biyu. Na ce to ba su da shurɗa ne a ƙasar, ba 'yan sanda? Sai ya yi dariya ya ce ci gaba da tuƙinki."

Lomar ta tsaya a hannun Abubakar.

"Akwai shekarar da ya fito fuska a murtuke, ya ce sau shida. Shida, a wuni ɗaya! Kwana biyu bai ci tuwona ba. Yana ta faɗa wai ba laifinka ba ne, waɗanda ke tsaye a gabanka ne suka yi barci."

Abubakar ya tuna wasan, cikin ruwan sama aka yi shi. Ko uwarsa ba ta san da shi ba. Gaskiya ne kuma, 'yan baya ne suka yi barci.

"Ranar da ba a shiga ba fa?" ya tambaya, da Hausarsa ta ɗan shekara tara.

"Ai ranar nama muke ci! Ya wuce wajen mahauci ya sayo kilo guda, ya ce, 'Yalwa, yau yarona ya tsare gida.' Na ce ka kira shi mana ka sa masa albarka. Ya ce khalas, bar shi, yana kan aiki."

Ta jawo hannunsa na hagu, ta juya shi, ta danna yatsun nan biyu. Yana ganin babban yatsanta yana nutsewa a fatarsa, amma kamar hannun wani take taɓawa.

"Nan ne ɓarawon ya taka ka? Babanka ya ce ka faɗa masa a ƙafa ka ƙwace abin da ya zo da shi. Ranar sau nawa aka shiga?"

"Ko ɗaya, Gwaggo."

"Haka ya ce," in ji ta. "Ya sayo naman kuwa, na dafa. Ya zauna nan inda kake zaune, ya riƙe hannunsa na hagu yana murzawa, har naman ya huce."

Abubakar ya mayar da lomar cikin kwano. Ya buɗe baki zai ce mata wani abu, Hausar ta ƙare masa, sai wata irin ƙara ta fito daga ƙirjinsa wadda ba ya bukatar ya koya.