Hoton Inna Mai Shara

Ga ta nan, ga ta nanku, jikokina.
Ta zo mu ji ta, kowa ya gyara zama.

Wata mai shara ce a makarantar koyon likitanci, ana ce mata Inna. Tsintsiya rawa take a hannunta, zufa na zuba ko ana sanyi, idanu sun firfito, wuya ya kumbura. Ci take kamar gara, amma kullum ƙara ramewa take.

Akwai wani ɗalibi, Gwani, mai zana wa 'yan ajinsu cututtuka don karatu ya zauna a ka. A hannunsa ƙoda takan zama rariya. Ran nan ya tare ta.

"Inna, miƙo hannuwa. Yauwa, zaro ido."

"Ɗan nan, in zaro kuma? Ai da kansu suka fito."

Aji ya kwashe da dariya, ita ma ta dara. Shekara goma tana share ɗakin, yau aka kalli fuskarta.

* * *

Gwani ya zana ta, aka manna hoton a bango, da kibau bakwai, kowace na nuna wani wuri a jikinta. Gaisuwa ta yawaita. "Ina kwana, Inna," ido na kan wuyanta, yatsu na ƙirga alamun ciwon.

Ta samu Gwani. "Rubutun nan na ƙasa, sunan ciwona ne? Yana da magani?"

"Gajiya ce kawai, Inna. Ki riƙa hutawa."

Ta fita, ta tuna da bokitinta, ta juyo. A bakin ƙofa ta ji wata ɗaliba na cewa, "Haba Gwani, ka rubuta mata sunan ciwon ta kai asibiti. Maganin ƙwayoyi ne fa kawai."

"Bayan jarabawa. In ta warware, wa za mu riƙa dubawa? Sati uku dai, ba mutuwa za ta yi ba."

Inna ta dafe ƙirji. Ashe akwai magani! Ta ce a ranta, sati uku ai kamar gobe ne, bari yaran su samu su ci.

* * *

Ranar da aka gama jarabawa, ta tsaya a ƙofa da farar takarda a hannu, don a rubuta mata sunan ciwon. Suka wuce ta suna ihu, kowa da jakarsa.

Duk ajin sun ci, Gwani ya zo na ɗaya. Ɗalibar nan ta tuna da maganar bayan ta isa gida. Inna ta faɗi a kan matakala cikin hutu, ba ta tashi ba. Ranar Litinin aka ɗauki wata mai sharar.