Allurar Malama Marta Ba Ta Zafi

Laifin Malama Marta ɗaya ne: allurarta ba ta zafi.

Wata uku ke nan da aka turo ta ƙaramin asibitin da ke gindin duwatsun Kwatarkwashi. Mara lafiya na zama sai ta ja shi da hira, kafin ya gama ba ta labarin gonarsa ta zare allura. Uwaisu kuwa, wanda ta gada, sirinji yake ɗagawa sama ya ce, "Dafe bango." Mutum ya kwana uku yana ɗingishi yana sa masa albarka.

Nan da nan magana ta zagaya gari: ruwa take ɗura wa mutane. Kwamitin asibiti ya rubuta koke zuwa Gusau a ɗauke ta, saura sa hannun shugaba, Alhaji Tajuddeen. Ita kuwa ta riga ta sa 'ya'yanta makaranta a garin.

Ranar Talata zazzaɓi ya kawo Alhajin da kansa, takardar na aljihunsa, sakatarensa Bashiru na bakin ƙofa.

"Yau zan gani da jikina," in ji shi.

Marta ta dube shi. Gumi a goshi, ido na kauce wa tiren allura. Ta haɗe rai.

"Alhaji, ka ci abinci?"

"Na ci."

"To, Allah ya sa ya zauna. Irin wannan muka yi wa wani mahauci a Tsafe, sai da ƙarti huɗu suka danne shi. Juya. Dafe bango."

Ta jiƙa auduga ta goga masa a ɗuwawu. Alhaji ya kurma ihu har awakin bayan katanga suka watse.

"Ta taɓa ƙashi," ya ce yana haki. "Bashiru, kana ji? Magani ne na gaske. Sharri aka yi wa baiwar Allah."

Sirinjin na hannunta, ko murfinsa ba ta cire ba.

"Sannu, Alhaji. Kar ka motsa, bari in danna wurin. An ce bana duk Bunguɗu ba wanda ya kai ka noman dawa?"

"Wa ya gaya miki? Ai gonar nan ta bakin rafi..."

Yana cikin bayanin takin da ya zuba ta yi masa allurar, ta zare. Ko ƙiftawa bai yi ba.

Ya fita yana jan ƙafa, ya yaga takardar a gaban Bashiru.

Washegari layi har bakin titi. Tsohuwar da ke gaba ta dafe bango tun kafin a ce mata.

"'Yata, irin ta Alhaji za ki yi mini."