Katin Aro

"Adama Jafaru!"

Akawun asibiti ya ɗaga murya ta 'yar tagar da ake yankar kati, sai ga mata biyu sun miƙe tsaye lokaci guda daga kan benci. Ɗaya doguwa ce siririya, ƙafafunta sun kumbura har silifa ya ƙi shiga. Ɗayar gajeriya ce mai jiki, riƙe da tabarma da kwanon kunu.

"To, wace ce a cikinku?"

Gajeriyar, wadda ita ce Adamar gaskiya, matar Malam Jafaru na bayan Kusugu, nan take ta gane abin da ta yi. Tun daga gida take koya wa doguwar cewa in an kira, ita za ta amsa, ga shi kuma ita malamar ce ta fara kwafsawa. Amma mace mai shekara hamsin a Daura ba a rasa ta da abin faɗa.

"Ga ta nan, ɗan nan. Ni miƙewa na yi in kama ta. Ba ka ga ƙafarta ba?"

Akawun ya dubi katin, ya dubi doguwar. Hoton ya riga ya koɗe, ba abin da ake gani sai hijabi da hanci, kuma hanci kowa da nasa. Ya buga hatimi ya ce su wuce wajen likita. Kafin azahar an kwantar da doguwar, wato Laraba mai daddawa, a gado na shida a ɗakin mata, an maƙala takarda a bisa kanta da sunan maƙwabciyarta.

Bari in koma baya kaɗan, don kada a ce tsohuwa ta fara labari daga wutsiya.

Shekara talatin da ɗaya katanga ɗaya ce tsakanin Adama da Laraba, katangar ma ta zaizaye a tsakiya har ta zama wurin ajiye kwano. Ta nan ake miƙa gishiri, ta nan ake miƙa garwashi, ta nan ake miƙa labarin duk wadda ta yi yaji a unguwa. Laraba daga Baure aka kawo ta aure. Mijin ya rasu, 'ya'ya ba su tsaya ba, ita kuma ta ce ba za ta koma ƙauye ta zama kaya a gidan wani ba. Ta riƙe tukunyar kalwarta. Duk gidan da miyar kuka ta yi ƙamshi a bayan Kusugu, da hannun Laraba a ciki.

Da ciwo ya kama ta, ɓoyewa ta yi. Ta sha saiwa, ta sha rubutu, ta sayi ƙwaya biyu-biyu a kemis. Sai da ta kai ba ta iya kwanciya sai a jingine, numfashi yana fita kamar ana jan guga, sannan Adama ta haura katangar, a shekarunta, zani a hannu, ta same ta.

Shi kuwa Malam Jafaru malamin firamare ne, saura shekara biyu ya yi ritaya. Kowane wata ana yankar wani abu a albashinsa wai na inshorar lafiya, aka ba shi kati, aka ba matarsa. Ba abin da ya tsana a duniya kamar wannan yanka. Kullum bayan la'asar, a majalisarsu ta gindin bedi, da zarar rediyo ta taɓo maganar sai ya gyara zama.

"Shekara nawa ana yanka ta, ko ciwon kai ban taɓa kai musu ba! Wannan ai sayen ruwan sama ne tun hadari bai haɗo ba."

Sha'aban tela, wanda ba ya gajiya da ja masa rai, sai ya ce, "Malam, ai kai gata aka yi maka. Mu da ba mu da albashi, wa ya ba mu kati? An ce mu ma mu je mu biya na shekara. In biya kati ko in sayi gero?"

"To mu yi musaya mana, ka karɓi katin ka ba ni abin da aka yanka!"

Haka suke yi har a kira magariba, ba wanda ya taɓa kayar da wani.

Adama tana jin su ta zaure, kuma ita ta daɗe da yanke nata hukuncin. A ganinta abin nan adashe ne, ba wani abu ba. Ana zubi kowane wata, wata rana a kwasa. Kuma kowace mace ta san dokar adashe: in kwasarki ta zo, maƙwabciya kuma tana cikin matsi, sai ki ce a ba ta, ke kya jira. Da haka ta lallashi Laraba.

"Zubinmu ne, kwasarmu ce, na bar miki. Ina abin kunya a nan?"

"Malam ya sani?"

"Malam ya san ana yanka. Sauran bayani zai zo masa a hankali."

Bayanin kuwa ya zo masa, amma ba a hankali ba. Kwana huɗu da kwantar da Laraba, wani abokin aikinsa da matarsa ke kwance a ɗakin ya tako har ƙofar gida, fuska a sanyaye.

"Malam Jafaru, ashe abin da ya faru ke nan, ba ka faɗa ba? Ya mai jiki?"

"Wane mai jiki?"

"Iyalinka mana. An ce tana gado na shida, har da abin numfashi a hanci."

A daidai lokacin Adama na tsakar gida tana kirɓa sakwarar da za ta kai asibiti, taɓarya na tashi har ana jin ta a titi. Malam Jafaru ya saurari taɓaryar, ya dubi baƙon, ya ce, "Da sauƙi. Sauƙi sosai ma." Ya sallame shi ya shigo.

Ba zan maimaita duk abin da aka faɗa a tsakar gidan nan ba, ko da yake an ji shi har gida na uku. Ƙarshensa dai ya zauna a kan turmi ya cire hula.

"Adama, kin san abin da kika yi? In aka gane, za su karɓe katin, su sa mu biya komai, ni kuma a kira ni ofis. Shekara talatin da uku ba a taɓa rubuta mini takardar tuhuma ba, sai yanzu da nake shirin fita da mutuncina?"

"Ba kai ke cewa katin ba shi da amfani ba? Ga shi na samo masa."

"A gindin bedi nake faɗa! Maganar gindin bedi daban, maganar ofis daban!"

Sannan ya tambaya, murya ƙasa-ƙasa, "Ya jikin nata?"

"Likita ya ce zuciyar ce ta gaji."

"To ki ja bakinki. Kowa ya ja bakinsa, har Allah Ya tashi kafaɗunta."

Adama ta ja bakinta. Ita ce mai jinya, kullum tana gindin gado, an san ta a ɗakin da "ƙanwar Adama". Nas ɗin da ke duba su da safe, wata 'yar siririya mai suna Ikilima, takan shigo ta ce, "Inna Adama, an tashi lafiya?" sai su biyun su buɗe baki, ɗaya ta rufe. Masu zuwa dubiya kuwa, in sun gama da nasu, sukan bi gado-gado su karanta takarda su ɗaga hannu: "Allah Ya ba Adama lafiya, Allah Ya sa kaffara ne."

Rana ta tara, bayan wasu mata sun yi irin wannan addu'a sun fita, Laraba ta janye abin hancinta ta harari ƙawarta.

"Ke 'yar birni, na gane wayonki."

"Wane wayo kuma, 'yar Baure?"

"Ni ke kwance, ke ke kwashe addu'a. Dubi yadda kike ƙara ƙiba. Ko tari ba ki yi ba tun da muka zo."

Adama ta yi dariya har da riƙe ciki. Laraba ma ta yi, tari ya sarƙe ta, aka ɗaga ta aka ba ta ruwa. Da ta lafa sai ta kama hannun Adama, kuma wannan karon ba wasa a idonta.

"Aminiya, ba zan koma gida da ƙafata ba. Kar ki ce komai, na sani, ke ma kin sani. Abu ɗaya nake roƙo. Ubana talaka ne, amma sai da ya sayar da gero ya yanka mini rago. Na zo duniya da sunana, ba na so in fita da na aro. Kuma kowace allura aka yi mini, da ƙarya aka yi ta. Ban san me zan ce a can ba."

"Ni na yi ƙaryar, ba ke ba."

"Ni na amsa."

Adama ta fita ta zauna a baranda, inda mata ke shanya zannuwa a kan waya. Ta tuna Malam a kan turmi, hula a hannu. Ta tuna mahaifiyarta da hawan jini ya kayar, da yadda ita ma kanta ke sara mata kwanan nan. Katin nan wata rana ita zai yi wa rana. In ta yi shiru, kwana nawa ne ya rage? Ba wanda zai sani. Sai dai ita, da wadda ke gado na shida.

Ba ta aika gida ba, don ta san in ta tambaya za a hana ta. Ta tashi ta sami Ikilima a teburinta.

"'Yar nan, ni ce Adama Jafaru."

Ikilima ba ta ko ɗago kai daga rubutunta ba. "Na sani, Inna. A Kusugu kakata take. Da daddawar Inna Laraba aka yaye ni."

"Shi ne kika bar ni ina ta zufa kwana tara?"

"Ni ba a tambaye ni ba." Ta ajiye biro. "Amma in na canza sunan, dole in kai maganar sama. Za su riƙe katin, kuma za a nemi maigidan. Kin yi shawara da shi?"

"Canza dai."

Suka dawo bakin gadon tare. Ikilima ta zare takardar, ta ja layi a kan sunan, ta ce, "Inna Laraba, Laraba wa za a rubuta?"

"Ba Laraba ba. Wannan ranar da aka haife ni ce kawai. Rubuta Barakatu. Barakatu Dabo."

Adama ta saki baki. "Barakatu? Shekara talatin da ɗaya ina ba ki sirrina ta katanga, ashe ko sunanki ban sani ba?"

"Sunan uwar mijina ne, shi ya sa aka ɓoye shi tun ranar da aka kawo ni. In na faɗa miki, ai kafin la'asar an ji a kasuwa."

Wannan kam gaskiya ta faɗa, kuma ba Adama kaɗai abin ya ci wa rai ba a unguwar nan.

Washegari aka kira Malam Jafaru. Ya zo cikin babbar rigarsa ta Juma'a, bai kalli matarsa ba, ya shiga ofis ya daɗe. Da ya fito, an riƙe katin, an ce takarda za ta same shi a wurin aiki, kuma ragon da yake kiwo don layya ya riga ya zama na asibiti. Adama ta tsaya a baranda tana jiran hadari. Ya wuce ta, ya cire takalmi a ƙofar ɗakin mata, ya yi sallama, ya tsaya a gado na shida. Ya sa tabarau ya karanta takardar a hankali, kamar mai kiran sunayen 'yan aji.

"Barakatu Dabo."

"Na'am, Malam," in ji Laraba. "Na jawo maka."

"Ke dai bari. Shekara da shekaru ana yanka ta ban ga inda ya tafi ba. Yau na gani da idona." Ya ɗaga hannu. "Allah Ya ba Barakatu lafiya. Allah Ya sa kaffara ne."

"Amin. Wannan kam ta iso inda aka aiko ta."

Ta ƙara kwana biyu. Ranar Asabar da hantsi, Adama na shafa mata man zafi a ƙafa, tana ba ta labarin wata amarya da ta zuba sukari a miyar kuɓewa, sai ta lura ba a yi dariya a inda ya kamata ba. Ta ɗago. Laɓɓan Laraba na motsi. Adama ta matso ta kama mata kalmar shahada, suka ƙarasa tare, ko kuma dai Adama ta ƙarasa.

Da aka yi sanarwa a lasifikar masallaci cewa Allah Ya yi wa Barakatu Dabo rasuwa, sai da mai sanarwar ya ƙara da "wato Laraba mai daddawa" sannan salati ya tashi a gidaje. 'Yan uwanta suka zo daga Baure a mota ɗaya. A wurin zaman makoki, an ce Sha'aban tela ya so ya tayar da tsohuwar gardama, Malam Jafaru ya ce masa, "Bari sai an yi bakwai. Ina da sabuwar magana, kuma ba za ta yi maka daɗi ba, don irin taka ce."

Bayan an share makoki, mutanen Baure suka kwashe 'yan kayanta suka sa wa ɗakin kwaɗo. Da yamma Adama ta ɗora miya, ta buɗe gwangwani, sai ta tarar daddawa ɗaya ce ta rage. Ta juya ta a tafin hannu. Ta ɓantari rabi ta jefa a turmi. Sauran rabin ta naɗe shi a takardar kan gadon nan da Ikilima ta ba ta bayan rasuwar, mai suna biyu, ɗaya da layi a kansa, ta tura can ƙasan gwangwanin.

Da tuwo ya nuna ta kwashe na Malam, ta kwashe nata. Sai da ta isa gindin katanga sannan ta ga akwai kwano na uku a hannunta. Ta ɗan tsaya. Ta ajiye shi a wurin da ya zaizaye, ta rufe da faifai, tururi na fita ta gefe.